Taƙaitaccen jagora ya isa a koyi Python?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu wani ɗan taƙaitaccen jagora na yaren Python, shafi huɗu kacal, cike da umarni da misalai. Idan na haddace shi, zan iya rubuta manhaja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hadda kaɗai ba za ta kai ka ba, ɗan'uwa. Irin wannan jagora don tuni aka yi shi, kuma ba a tuna abin da hannu bai taɓa yi ba. Ka ajiye shi kusa da kwamfuta, duk layin da ka karanta ka buga shi da kanka, sannan ka sauya wani abu a ciki ka ga abin da zai fito.

Amma fara duba wane Python aka rubuta shi dominsa. An daina kula da Python 2 tun farkon 2020, sai dai tsofaffin jagororinsa na nan birjik a intanet. Gane su ba wuya: in ka ga print "sannu" babu baka, tsoho ne, domin Python 3 sai an rubuta print("sannu"). Rabawa ma ta bambanta. A tsohon 7/2 yana ba da 3, a sabon 3.5, in 3 ɗin kake so, sai 7//2.

Inda gajeren jagora ke barin mutum shi ne dalilin kuskure. Ɗauki input(), umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga. Kome aka buga masa, a matsayin rubutu yake karɓa, ko da lamba ce. Ka karɓi 2 da 3 ka haɗa su, sai ka ga 23 maimakon 5, kuma babu wani gargaɗi da zai fito, wanda shi ya fi ɗaure kai. Maganinsa int(input()), wanda ke mayar da rubutun lamba. Haka jeri, wato list: daga 0 ake fara ƙirga, don haka a jeri mai abu biyar na ƙarshe yana lamba 4, in ka nemi 5 sai saƙon kuskure na IndexError ya fito. Tazarar farkon layi kuwa gurbi huɗu aka saba bari, kada ka cuɗanya shi da maɓallin Tab.

Idan saƙon kuskure ya fito, fara karantawa daga layin ƙasa, nan sunan matsalar yake. Abin da jagoran ya taƙaita kuma, tambayi Python ɗin da kansa: misali, help(str.split) zai kawo maka bayanin umarnin str.split nan take.

Aikin farko, rubuta manhajar da za ta karɓi maki biyar ta fitar da matsakaicinsu. Za ta tilasta maka amfani da input, jeri, for (umarnin maimaita aiki) da rabawa.