Farautar barewa a Wisconsin: a ina zan yi kwanto kafin barbara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Wisconsin ta Amurka, bana na samu lasisin farauta da kwari da baka. Na ga ƙananan itatuwa an sale musu ɓawo, ga ƙasa a tone ƙarƙashin wani reshe. Kwana huɗu ina kwanto a wurin, ko ɗan beran daji ban gani ba. Ina laifina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani aikin namijin barewa ne. A ƙarshen Oktoba yakan goga ƙahonsa a jikin itace, ya tona ƙasa da kofato ya yi fitsari, ya shafa goshinsa a reshen da ke sama, don ya bar ƙanshinsa. Matsalar ita ce, galibi cikin dare yake zuwa. Ni ma shekarar farko haka na ƙare, ina kan itace sanyi na cin ƙashina, shi kuwa gogan sai bayan isha'i yake leƙowa.

Barbara a can tana kankama ne cikin Nuwamba, raguwar hasken rana ce ke tayar da ita. Kafin nan cikinsa ne ya dame shi. Nemi farin itacen oak (wani babban itacen daji, akwai fari akwai ja) da ke zubar da 'ya'ya, bareyi sun fi son nasa da na jan, saboda ba shi da bauri sosai. In ka ga ɓawon 'ya'yan a tattaune da sabon kashi ƙanana baƙaƙe masu laima, to ka zo. Bi sawun har kusa da kurmin da suke kwanciya, amma kada ka shiga. Tsakanin itacen da kurmin za ka zauna, da la'asar sakaliya.

Sai iska. Hancin barewa ya fi idonta. Ni auduga nake tsinka in saki. In ta nufi kurmin, sai in tattara in tafi gida, ko da na tuƙo mota awa guda.

In za ka hau itace, ɗaura igiyar kariya tun daga ƙasa. Ka yi bismilla kafin ka saki kibiya, in kuma ka tarar da barewar da sauran rai, ka yanka.