Amsa: Me ya sa 'ya'yan shahon kifi ke mutuwa a sheƙa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko maganin ƙwari na DDT ne ya sake dawo wa shahon kifi, tunda haihuwarsa na ja da baya a inda koguna ke shiga teku. A'a, wancan ciwon daban ne. DDT yana sa ɓawon ƙwai ya yi siriri har ya fashe a ƙarƙashin uwa, kuma bayan Amurka ta hana shi a 1972 tsuntsayen sun farfaɗo sosai.

Yanzu ƙwai na ƙyanƙyashewa lafiya, yunwa ce ke kashe 'ya'yan. A mashigin tekun Chesapeake da ke Amurka, masu bincike na jami'ar William & Mary sun danganta abin da ƙarancin wani kifi mai maiƙo da ake kira menhaden, wanda manyan jiragen kamun kifi ke kwasa don yin mai da garin kifi. Masu sana'ar suna musanta haka, amma ni hujjar masu binciken ta fi gamsar da ni, domin sheƙun da ke can cikin koguna, nesa da teku, inda gishirin ruwa ya yi ƙasa, inda ake samun wasu kifayen, sun fi tsira.

Abin ban tausayi shi ne yadda mutuwar ke zuwa. Uwa kan yi ƙwai uku, ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba. Idan uba ya kawo kifi kaɗan, babban ɗa ya yi ta saran ƙaramin da baki yana hana shi ci, har ƙaramin ya rame ya mutu.