Layin kai ƙarar almundahana: a hannun wa wayar za ta kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin kwamitin da asambulinmu, wato majalisar ƙaramar hukumarmu a nan Kumasi, ta ɗora wa buɗe layin waya, domin jama'a su riƙa kai rahoton cuwa-cuwa ba tare da faɗin suna ba, musamman kan tikitin kasuwa da izinin gini. An ce mu sayi waya da sabon sim, mu buga lambar a fosta. Abin da ke hana ni barci shi ne iyayenmu mata 'yan kasuwa na zango. In na ce su kira, aka gano wadda ta kira har ta rasa rumfarta, da wane ido zan dube ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, kuma in dai tsarin da aka ba ku shi ne waya da sim da fosta, to kada ka tura kowa ya kira tukuna.

Kullum sai na ci karo da masu cewa ai tunda ba a tambayi sunan mai kira ba, an rufa masa asiri. Wannan maganar ta ishe ni, don ita ke jefa bayin Allah cikin wahala. Tun da aka haɗa rajistar sim da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, lambar mutum ta zama sunansa. Wanda wayar ke hannunsa ba ya buƙatar wani gwanin kwamfuta. Ya buɗe momo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, ya sa lambar kamar zai tura sidi 1, suna ya fito masa kafin ya danna amincewa. Ya ajiye ta a WhatsApp, ga hoton Hajiya da jikarta ranar suna. Minti biyu ya ishe shi. Masu cewa a ɓoye lamba kafin a kira su sani fuskar wayar kawai aka rufe wa, kamfanin layi yana da bayanin kiran. Masu ba da shawarar a ari wayar maƙwabci kuma, maƙwabcin suka jefa a rami.

Ko an magance lamba, saura murya. A unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba an san juna tun daga kakanni, sallama kaɗai ta isa a ce 'yar gidan wane ce. Saura kuma labarin kansa. Wadda ta ce ranar Talata da hantsi mai tikiti ya karɓi kuɗi a layin masu albasa bai yanka mata rasit ba, ta riga ta nuna kanta, domin shi mai tikitin ya san wa ya tsaya wa a wannan lokacin. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da littafin ƙorafi a buɗe kan tebur kusa da flas ɗin shayi, lambobin masu kira a jere da jan biro, masinja da direba da duk mai shigowa suna wucewa ta kansa. Ma'aikatan wurin da zuciya ɗaya suke gaya mini layinsu na sirri ne. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Ka kuma bambance ɓoye suna da riƙe sirri. Dokar masu tona asiri ta 2006, wato Doka ta 720, ta nemi mai rahoto ya ba da sunansa da adireshinsa da sana'arsa. A madadin haka ta wajabta wa wanda ya karɓa ya rufe bakinsa, fallasawa laifi ne da ke kai mutum kurkuku, kuma ya miƙa rahoton ga Antoni Janar cikin kwanakin aiki 7. Wanda aka musguna wa saboda ya yi magana zai kai kuka CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, in kuma an ƙwato kuɗi, dokar ta ambaci ladan kashi 10 cikin 100. Wanda bai bar suna ba zai sha wuya kafin ya ci wannan gajiyar. Ku gaya wa mutane haka ƙarara, kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Dokar ma ta yarda a kai rahoto da baki ga sarki, ko shugaban addini, ko ɗan asambuli, a rubuta, a karanta wa mutum da harshen da yake ji. Ga tsohuwar da ba ta yarda da waya ba, wannan ƙofa ce.

Game da layin naku, kada ya kwana a sashen da ke tara haraji, ko a aljihun wanda shugabansa zai iya cewa miƙo in gani. Ku nemi wata ƙungiya ko kamfani daga waje ya karɓi kira, da yarjejeniya a rubuce cewa ba a adana lamba, ba a naɗar murya, bisa dokar kare bayanai ta 2012. A samu mai jin Hausa da harshen Tuwi. A ba mai kira lambar shaida da zai sake kira da ita ya ji inda aka kwana, don kada a taɓa nemansa. Mai karɓa ya sake rubuta labarin, ya cire rana da wurin da za su nuna mutum, sannan ya tura wa odita na cikin gida da kwamitin odit.

Abin da kwamitoci ke gudu shi ne tambayar ina za a kai ƙarar da ta shafi babba a gidan. Ku rubuta amsar tun yanzu: ta wuce kai tsaye zuwa CHRAJ, ko EOCO, ofishin yaƙi da laifukan tattalin arziki, ko Ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman da dokar 2017 ta kafa. In aka ce babu kuɗin wannan duka a kasafin bana, ka nemi a rubuta a bayanan zaman cewa ka ƙi amincewa a buga fostar, a jira kasafin baɗi.