Gidana ƙarami ne, zan iya kama nesa a mita 80 da 160 kuwa?

Tambaya: Salam malam. Na samu lasisin rediyon sha'awa, na sayi na'ura mai wat 100, amma filin gidanmu a Zariya ƙafa 50 ne a 50, ba wurin shimfiɗa doguwar eriya. Ina son yin magana da Turai a mita 80 ko 160 da dare, shin zai yiwu ko ɓata kuɗi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yiwu, amma gaskiya ba a 160 ya kamata ka fara ba, ka fara da mita 40 tukuna.

Ga lissafin. Eriyar dayifol ta rabin zango, wato miƙaƙƙiyar waya da ake jona ta da na'ura a tsakiyarta, tsawonta a mita shi ne ka raba 143 da mitar da kake so a MHz. A 7.1 MHz (zangon mita 40) zaka samu kusan mita 20, a 3.6 (zangon mita 80) kusan mita 40, a 1.84 (zangon mita 160) kuwa wajen mita 78 ne. Filinka mita 15 ne a 15, daga kusurwa zuwa kusurwa mita 21 kenan, kaga eriyar zangon mita 40, mai tsawon mita 20, zata shiga cif ba sai ka yi dabara ba, musamman in ka ɗaga tsakiyarta da gora ko fayif ka sauko da bakinta biyu ƙasa. Sai dai dayifol da bai wuce mita 6 ko 7 daga ƙasa ba yawanci sama yake harba siginar ta dawo kusa, wato Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram zasu ji ka raɗau, Turai kuma sai an yi sa'a. In Turai kake so toh ka tayar da waya mita 10 a tsaye.

Mita 80 ma zata yiwu da wayar da ake lanƙwasawa kamar L a kife, mita 20 gaba ɗaya, ka hau da ita sama iya ƙarfin sandarka sannan sauran ka ja ta gefe zuwa katanga ko bishiya. To anan ne mutane ke faɗuwa. Eriyar tsaye rabi ce kawai, ɗaya rabin ƙasa ce, kuma ƙasarmu ta Arewa yashi ce busasshiya da rani, in ka buga rodi ɗaya ka ce shikenan to yawancin wat ɗinka ƙasa kake ɗumamawa. Ka shimfiɗa wayoyi daga gindin eriyar zuwa kowane gefe, 16 ko fiye, ko da gajeru ne mita 5 zuwa 7, gajeru da yawa sun fi dogaye guda biyu amfani, ka ɗan turbuɗe su kada yara su yi tuntuɓe.

Eriyar zobe mai faɗin mita ɗaya da ake talla, a 40 tana ɗan taɓukawa, a 80 kaɗan ƙwarai take fitarwa daga ƙarfinka, kuma a wat 100 kafasitarta, wato abin da ake murɗawa a daidaita ta, tana ɗaukar dubban bolt, kada ka aje ta inda hannu zai kai.

Amma abin da ya fi damuna ba fitarwa ba ne, ji ne. A unguwanninmu inbata, cajar sola, cajar waya mai araha, kwan LED da janareta duk suna zuba ƙara a ƙasa da 10 MHz, sai kaga allurar na'ura tana zaune a S9, wato ma'aunin sigina mai ƙarfi, babu kowa a kai, Bature yana ta kiranka kai baka ji. Ka gwada haka: jona rediyon da batir, kashe komai na gidan har inbata, duba inda allurar ta sauka, sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Ka kuma naɗa koyas ɗinka, wato kebul ɗin da ya haɗa na'ura da eriya, a zoben ferait (zobe mai tare ƙara) nau'in 31 a gindin eriya, abu ne mai sauƙi amma yana rage ƙarar da ke biyo waya daga ɗaki.

Lokaci ma da ruwansa. Da rana wani sashe na sama da ake kira D yana shanye waɗannan mitoci, sai bayan magariba yake bajewa, don haka daga isha'i zuwa asuba ne kasuwarka. Da damina walƙiya tana cika 80 da 160 da ƙarar tas-tas, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin Turai ma darensu dogo ne. Ƙurar hunturu tana tara caji a waya, ka cire eriya daga na'ura in ka gama.

Batun murya kuma, da ƙaramar eriya SSB, wato magana da baki, zuwa Turai a 80 wahala ce, a 160 kusan ka haƙura. Ka koma FT8, tsarin aika gajeren rubutu ta kwamfuta, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017 cikin manhajar WSJT-X, yana karanta sigina har wajen dB 20 ƙasa da ƙara. Mitocinsa 7.074, 3.573 da 1.840 MHz, saƙo duk daƙiƙa 15, don haka agogon kwamfutarka ya zama daidai, kuma ka rage wuta zuwa wat 30 ko 40 kada na'urar ta yi zafi. Ka riƙa duba shafin intanet na PSKReporter ka ga wa ya ji ka. Kuma kana da wata riba, alamar kira ta Najeriya mai farawa da 5N ba ta da yawa a waɗannan mitoci, masu manyan eriya a Jamus da Italiya su zasu yi ta neman ka, kunnensu zai cike gurbin eriyarka. Ka yi hunturu ɗaya a 40 da 80 tukuna, in ƙarar gidanka ta sauka sai mu yi maganar ƙara koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, don 160.