Abin da bazara za ta bar maka a kunya

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka ɗaga kunyoyi huɗu a bayan gidanka na Tumfure, ka ɗauko irin tumatir da latas, sai maƙwabcinka dattijo ya ce ba a shuka su bayan hunturu. Kana tambaya ko camfi ne irin na mutanen da.

Ba camfi ba ne. Mu nan Dadin Kowa tun watan Oktoba muke yafa irin tumatir, mu dasa a Nuwamba, sanyi ya raine shi. Yanzu kuwa ga Maris ya raba, zafi na taɓa digiri 40 da azahar. Tumatir zai yi maka ganye shar har ka yi murna, amma fure na fitowa zai kakkaɓe, ba ɗa ko ɗaya. Na taɓa yin wannan taurin kan ina saurayi, fangali 12 na dasa, ban cika kwando guda ba. Kakanka bai ce mini komai ba, dariya kawai ya yi. Latas kuma ɗaci zai yi ya tafi sama. Kabeji da karas ma ka bar su sai baɗi.

Nemi masu son rana. Kuɓewa ce ta farko. Jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, ka sa ƙwaya biyu biyu a rami, kafin wata biyu ya cika kana tsinka, kuma damina in ta same ta daɗi za ta ji. Alayyafo ya fi kowa sauri, sati uku zuwa huɗu ka yanka ya sake tohowa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka cuɗa da yashi kafin ka yafa, in ba haka ba wuri ɗaya zai cunkushe. Ragowar kunya biyun ka raba wa rama da yakuwa da lalo. Goggonka ta ce in gaya maka ka fi yawaita ramar, wai kwaɗo take jira.

Sai maganar kunyar kanta. Da rani mu ƙasa muke nutsawa, fangali ya riƙe ruwa. Kunya mai tudu iska na dukanta ta kowane gefe, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Amma kada ka rushe, tunda ka makara ruwan sama zai riske ka wajen Mayu ko Yuni, lokacin tudun zai hana saiwa ruɓewa. Ka dai ɗan lotsa tsakiyarta kamar akushi, ka lulluɓe da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Ban ruwa da asuba da kuma bayan la'asar. Taki ya zama kashin awaki da ya daɗe, ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake a wannan zafin.

Ka kuma kewaye wurin da zana tun kafin tsiro ya leƙo, na san awakin unguwarku. In direban da ke zuwa Gombe ranar Juma'a ya tashi, zan ba shi irin kuɓewar gida ya kawo maka. Ka gaida iyalin.