Amsa daga Zangon Kumasi zuwa Zariya: abin da muka riƙe da abin da muka saki

Assalamu alaikum, Malam. Tambayarka ta iso mu, kuma ba mu ga laifinta ba. Ka ce kana jin Hausar mutanen Gana, namiji da mace duk an haɗa su da "ya zo", shi ne kake tunanin wanda harshensa ya sauya haka, me ya rage masa na addini da zumunci.

Ka dubi Tudun Wada da Sabon Gari. A Zariya baƙo a bayan ganuwa yake sauka, cikin birni na masu gari ne. To mu a Kumasi mu ne mutanen bayan ganuwa. Fataucin goro ya kawo kakanninmu Salaga ta ƙasar Gwanja, da yaƙin basasa ya rushe kasuwar a 1892 suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. A ƙidayar 2021, Musulmi kusan ɗaya ne cikin biyar na mutanen ƙasar. Ba mu da kotun shari'ar Musulunci, ba alƙalin da zai raba gado irin na jihar Kaduna. Ku can gari ne yake riƙe wa mutum rabin addininsa, mu nan abin da ba mu riƙe da hannunmu ba ya faɗi. Shi ya sa dole muka tantance abin da ba a ciniki a kansa.

Abin da muka saki shi ne fahariyar asali. Cikin Zango akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Fulani da Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, ga kuma Sarkin Zango. Hausa ce ta haɗa mu, kuma auratayya ta cakuɗa jinin tun da daɗewa. Mai neman aure ba a cika tsananta masa da tambayar ɗan wane gida ne ba. Ana tambayar a wane masallaci ake ganinsa, wa ya karantar da shi, mece ce sana'arsa.

Karatun yara ba mu sake shi ba. Litinin zuwa Juma'a suna boko, da yamma da kuma Asabar da Lahadi suna makaranta. Tun 1987 ma'aikatar ilimi take da sashen makarantun Islamiyya, gwamnati ta biya malaman boko, a haɗa da Arabiyya. Inda ake samun ɓaraka shi ne sakandaren kwana, domin da yawa daga cikin masu kyau na mishan ne. Uba mai hankali ba ya jira sai azumi ya kama. Tun ranar kai yaro yake zama da shugaban makaranta a kan wurin salla, sahur da lulluɓin 'ya mace. Wanda ya yi shiru, sai ɗansa ya dawo hutu asuba ta zame masa baƙuwa.

Jana'iza kuwa a nan ne aka fi gwada mu. Asantawa, masu ƙasar Kumasi, suna iya ajiye gawa a ɗakin sanyi wata da watanni, sai dangi sun taru an yi shagali. Mu muna so a binne a yinin, amma ba a binnewa sai da takardar izini daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Idan a asibiti aka rasu, likita ya rubuta dalili, abin yana sauri. Idan a gida ne ko a haɗari, sai 'yan sanda sun shiga, wani lokaci har a nemi a buɗe gawa. Saboda haka da an yi rasuwa ake raba aiki: wasu su bi takarda, wasu su tafi haƙa, mata ko maza masu wanka su shirya, wani ya sanar a masallatai. Ba a barin iyalan mamaci su yi ta yawo tsakanin ofisoshi.

Mafi wuya ita ce gawar wanda ya musulunta. A al'adar Asante dangin uwa ne masu iko da gawa, ba mata ba, ba 'ya'ya ba. Mutum ya yi shekara talatin a sahun gaba, ranar da ya cika sai kawunsa ya zo ya ce gawar tasu ce. Maganin wannan tun yana da rai ake yin sa. Liman ya raka shi wurin shugaban danginsu da gaisuwa, ya faɗi da bakinsa yadda yake so a binne shi, a rubuta, a sa shaidu. In an yi haka, galibi dangi sukan yarda a binne da wuri, su kuma su yi taronsu daga baya. Addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in ana yi sosai a nan, malamanmu na Sunna suna suka, na Tijjaniyya suna karewa, kamar dai yadda kuka saba ji a Zariya. Abin da mu muke ƙi shi ne cin bashi don kafa rumfa da dafa shinkafa alhali marayu ba su da kuɗin makaranta.

Gado ma sai ka saurara da kyau. Dokar 1985, wadda ake kira PNDC 111, ita ke aiki a kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Kayan ɗaki da gida ɗaya na mata da 'ya'ya ne. Sauran dukiya a kasa ta 16: uku na matar ko mijin, tara na 'ya'ya ba bambancin namiji da mace, biyu na iyaye, biyu a bi al'ada. Kai malami ne, ka san wannan ba tumuni ba ne, ba sudusi ba. Muddin magada sun amince, liman yana raba musu bisa fara'ili ba wanda zai hana. Amma mutum ɗaya ya fusata ya tafi kotu, to dokar ƙasa za a bi. Don haka mai gida ko fili ya rubuta wasiyya cewa a raba bisa shari'ar Musulunci, ya sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma kada shaidun su kasance cikin magada. Mutanenmu suna jin nauyin wannan kamar kiran mutuwa ne, kuma wannan jin nauyin ya raba gidaje da yawa.

Zama da masu ƙasa sai da ladabi, ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba kowane zama ba. Sarakunan Zango suna kai gaisuwa fadar Asantehene, babban sarkin Asante. Maƙwabci Kirista ya yi rashi, muna zuwa mu zauna, mu ba da gudummawa, in aka zo zuba giya a ƙasa don kakanni sai mu ja gefe ba tare da ɓata fuska ba. Naman layya yana shiga gidajensu. A Akra, kafin bikin Homowo, sarakunan ƙabilar Ga, masu garin, suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda, masallatai kan rage lasifika. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika a Akra ranar Ista ta 2019, yana da shekara 100, wasu sun yi gunaguni, amma mun san abin da yake karewa. Dattawanmu ba su manta 1969 ba, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, har da waɗanda a nan aka haife su. Shi ya sa bayan ragon suna sai rajistar haihuwa, kyauta ce kafin yaro ya cika shekara.

Idan wata rana ɗan Zango ya zo Zariya neman auren 'yarku, bayan binciken addini da hali ku ƙara da abu uku. Ku binciki wace ce mahaifiyarsa da danginta, domin suna da ta cewa. Ku tambaya ɗakin da zai ajiye ta na gado ne ko haya, don gidajenmu na haɗaka ne, tsakar gida ɗaya, kulle irin na cikin birni da wuya ya yiwu. In kuma a Gana za a ɗaura, dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya, da ango da waliyyi da shaidu biyu da liman mai lasisi. Yawanci hidimar biki kan sa a manta, sai ranar saki ko rasuwa a tarar matar ba ta da takarda. Ku sa wakilinku ya tsaya sai ya ga an ba ta kwafinta a hannu.