Fim ɗin Dune da matan cikinsa: ko ni ce ban gane ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina jin ana zuzuta fim ɗin Dune na 2021, har na zauna na kalle shi, awa biyu da rabi cur. Wallahi raina bai yi daɗi ba. Zendaya da aka cika mana ido da ita a fosta da tirela, kusan duk fitowarta a mafarkin jarumin ne, tana tafe cikin rairayi tana waiwaye. Da na faɗi haka cikin ƙawaye sai aka ce ban gane fim ɗin ba, ai ya ci Oscar, kuma matan ciki jarumai ne tunda suna faɗa. Ni kuwa rubutun fim nake koyo, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ko dai ba ni da idon kallo ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, idonki lafiyarsa ƙalau. Fim ɗin minti 155 ne, kuma waɗanda suka zauna suka ƙirga sun samu fitowar Zendaya a matsayin Chani, 'yar mutanen hamada, ba ta wuce kamar minti bakwai ba. Masu talla sun sayar miki da abin da babu shi a cikin kwano. Ko fostar ma Dune kawai aka rubuta, sai da aka fara kallo mutane suka ga an sa "kashi na ɗaya" a allo, wato rabin littafin Frank Herbert na 1965 kawai darakta Denis Villeneuve ya ɗauka.

Batun Oscar ba ya ɗaukar lokaci. Guda shida ya ci a 2022: ɗaukar hoto, tace hoto, kiɗa, sauti, tsara wuraren wasa da siddabarun kwamfuta. Ya cancance su, wanda ya ga yadda aka ɗauki hamadar Wadi Rum ta Jodan ba zai yi musu ba. Amma babu ko ɗaya na rubutun labari ko na iya wasa. Ke kuwa a kan rubutu kike ƙorafi.

Maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta biyun, wai mace ta zama jaruma tunda tana faɗa. Wannan kuskuren kullum sai na ci karo da shi. Matashi zai kawo mini labarinsa yana murna, ya ce Malam na rubuta mace mai ƙarfi. In buɗe shafi, sai in tarar ya danƙa mata bindiga, ta mari mutum uku, ta yi tsawa, shi ke nan. In tambaye shi me take so a rayuwarta, sai ya yi shiru yana juya biro. In ce to a ina ta yanke shawarar da ta karkatar da labarin, sai ya ce ai wannan na jarumi ne. Masu sharhin minti ɗaya a TikTok su suka ƙara dagula lamarin: su yanko wurin da mace ta zare wuƙa, su ɗora kiɗa a kai, su ce ga fim mai daraja mata, alhali da yawansu tirela kawai suka gani. Yara kuma su ɗauka haka ake rubutu.

Duba Jessica, mahaifiyar Paul jarumin fim ɗin, wadda Rebecca Ferguson ta fito a matsayinta. Ta iya faɗa sarai, har Stilgar shugaban mutanen hamada sai da ta kayar. Amma babban abin da ta aikata shi ne saɓa wa umarnin ƙungiyarta ta Bene Gesserit: an ce ta haifi mace, ta haifi namiji. Duk labarin a kan wannan taurin kan nata ya ginu. A fim kuwa da baki kawai aka ambace shi, sai aka bar mu da ita tsaye a bakin ƙofa jikinta na ɓari, ana gwada ɗanta a ciki. Ferguson ta yi wasa mai taɓa zuciya a wurin, ban ƙi ba, sai dai daga nan kusan duk motsinta hidimar Paul ce. Haka Liet-Kynes, mai nazarin yanayin hamadar: namiji ne a littafi, aka mayar da shi mace, Sharon Duncan-Brewster ta fito. An yi ta yabon wannan canji. To, canza jinsi a takarda aiki ne na minti ɗaya. Kafin mu gama sanin burinta na ganin hamada ta yi kore, har an kashe ta. Ita kuwa Chani, abin da aka ba ta shi ne ta buɗe fim da bayani, ta zama mafarkin wani, a ƙarshe ta miƙa wa Paul wuƙa.

Hujjar cewa kin yi gaskiya tana cikin kashi na biyu na 2024. Can Chani ta samu rai, kuma ba yawan yaƙi ne ya ba ta ba. An ba ta ra'ayin kanta ne. Jama'arta na kiran Paul Mahadi, ita ta ce wannan tatsuniya ce aka shuka musu don a mallake su. Tana son sa, tana kuma ƙin abin da yake zama, har ta juya masa baya ta tafi. A littafin ba haka take ba, marubutan fim ne suka ƙara.

Tunda rubutu kike koyo, ga aiki. Ki sake kallon na farkon da takarda a hannu. Duk inda mace ta fito, ki rubuta abin da take so a wannan fitowar, da abin da zai canza a labarin in an cire ta. Ki yi wa na biyun haka, sannan ki ɗauko labarin da kike rubutawa ki yi masa irin wannan awon.